Shekarun Baba da allurar narkar da gudan jini

Ina gaishe da iyayenmu maza da mata da ke kusa da akwatin rediyo, domin sharhin yau nasu ne.

Akwai wata magana da muke yi idan barin jikin tsoho ya shanye. Sai ka ji an ce, ai tsufa ne. An faɗe ta cikin tausayi, amma sau da yawa ita ce take hana a nemo mota. Yau ina so mu zauna mu duba wannan magana da kyau. Abin da zan yi ta nanatawa guda ɗaya ne. Shekaru kaɗai ba su isa su yanke wa tsoho hukunci ba.

Bari mu fara da abin da yake faruwa a cikin kai.

Ku ɗauki ƙwaƙwalwa kamar lambun noman rani. Jijiyoyin jini su ne hanyoyin ruwa. Kowace hanya tana da fangalin da take shayarwa. Rana ɗaya sai gudan jini ya taso, ko daga zuciya ko daga jijiyar wuya, ya toshe hanya guda. Shukar da ke tsakiyar fangalin ba ta jimawa, cikin mintoci take mutuwa. Amma ta gefe-gefe tana yin yaushi ne kawai. Tana ɗan samun lema daga fangalin maƙwabta. Idan aka buɗe hanya da wuri, za ta farfaɗo. Idan aka jinkirta, ita ma ta bi sahu. Wani likita a Amurka, Jeffrey Saver, ya yi lissafi a 2006. Ya ce idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 2 ne suke mutuwa a kowane minti ɗaya. Minti ɗaya fa, jama'a. Bai kai a daidaita ɗaurin zane a nemo mayafi ba.

To akwai allurar da take narkar da wannan gudan jini. Sunanta alteplase. Ana auna ta da nauyin majinyaci, a tura kaɗan a jijiya, sauran kuma a sa ta ɗiga kamar ƙarin ruwa na awa ɗaya. Yanzu akwai ƙanwarta, tenecteplase, wadda ake turawa sau ɗaya a gama. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka, aka buga sakamakonsa a 1995, shi ne ya nuna allurar tana aiki. A shekarar da ta biyo baya hukuma ta amince da ita, da sharaɗin a yi ta cikin awa 3. A 2008 wani gwaji a Turai ya ƙara wa'adin zuwa awa 4 da rabi. Kwatankwacin daga sallar azahar zuwa magariba ke nan. A ciki za a gane ciwon, a nemo mota, a yi tafiya, a yanki kati, a ɗauki hoton kai.

Amma allurar tana da kaifi biyu, kuma ba zan ɓoye muku ba. Hanyar ruwan da ta daɗe a toshe, bangonta yana rubewa. Idan ruwa ya dawo da ƙarfi, tana iya ɓallewa. Haka jijiyar kai take. A gwajin nan na Amurka, wajen mutum 6 cikin 100 da aka yi wa allurar sun samu zubar jini a ƙwaƙwalwa wadda ta ƙara musu ciwo. Wasunsu sun rasu. Wannan tsoro shi ne tushen duk muhawarar da za mu yi yau.

Yanzu sai mu zo kan tsofaffi.

Masu shirya gwaje-gwajen farko sun ji tsoron jijiyoyin tsufa. Da yawansu sai suka ja layi a shekara 80. Wanda ya haura, ba a saka shi. Gwajin Turai na 2008 ma haka ya yi. Da aka zo ba da lasisin maganin a Turai, sai aka bi wannan layi. Aka daɗe a haka. Tsohuwa mai shekara 81 ta iso asibiti a kan kari, amma takarda ta ce ba da ita ba.

Ku lura da yadda abin ya kasance. Ba gwada allurar aka yi a kan tsofaffi aka ga ta gaza ba. Gwadawar ce ba a yi sosai ba. Sai rashin sani ya zauna a kujerar doka. Kuma waɗanda aka ware ɗin nan, su ne ciwon ya fi kamawa a ƙasashen da mutane suke daɗewa a duniya. Ni wannan yana ci mini rai duk lokacin da na tuna shi.

Likitocin jami'ar Edinbara a Sikotlan, ƙarƙashin Farfesa Peter Sandercock, suka ce sai an gwada. Suka haɗa kai da asibitoci a ƙasashe da dama. Majinyata sama da 3,000 suka shiga, kuma fiye da rabinsu sun haura shekara 80. Aka buga sakamakon a 2012. Ba sakamako ne na kiɗa da rawa ba. A makon farko, mace-mace sun fi yawa a cikin waɗanda aka yi wa allurar, saboda zubar jinin nan. Bayan wata 6 kuwa, yawan waɗanda suka rasu ya zo ɗaya a ɓangarorin biyu. Sai dai waɗanda aka yi wa allurar sun ɗan fi samun sauƙin naƙasa. Waɗanda aka yi wa da wuri su suka fi cin moriya. Babban abin da ya fito fili shi ne, amfanin da tsofaffi suka samu bai gaza na masu ƙarancin shekaru ba.

Shekara 2 bayan haka, masana suka tattara gwaje-gwaje 9 wuri ɗaya suka sake duba su. Suka ga cewa idan an yi allurar cikin awa 3, ana samun ƙarin mutum wajen 10 cikin 100 da suke warwarewa ba tare da naƙasar a-zo-a-gani ba. Idan an kai tsakanin awa 3 zuwa 4 da rabi, ribar ta ragu zuwa rabi. Yawan shekaru bai share wannan riba ba. Jinkiri ne yake share ta.

Kun ji ko? Shekaru kaɗai ba su isa su yanke wa tsoho hukunci ba.

To idan haka ne, me likita yake dubawa? Nan ne zancen hasashe ya shigo, kuma nan nake so mu ɗan daɗe.

Ɗa yana tsaye a bakin gado. Ya dubi likita ya ce, ranka ya daɗe, Baba zai tashi kuwa? Likita ba ya sanin gaibu. Amma akwai abubuwan da yake aunawa, kamar yadda manomi yake karanta hadari.

Na farko kuma mafi nauyi shi ne tsananin bugun, wato yadda shanyewar barin jikin ta yi ƙarfi. Akwai ma'aunin da likitoci suke amfani da shi a duk duniya. Za a ce wa majinyaci ya ɗaga hannu, ya ɗaga ƙafa, ya bi yatsa da ido, ya faɗi watan da ake ciki. Kowace gazawa tana da maki. Mai ɗan nauyin harshe makinsa kaɗan ne. Wanda hannu da ƙafa suka saki gaba ɗaya, magana ta ɗauke, idanu suka karkace gefe guda, makinsa yana da yawa, kuma galibi babbar jijiya ce ta toshe. Irin wannan gudan jini mai girma allurar kan kasa narkar da shi. Tun 2015 aka tabbatar da wata hanya ta zura siririyar waya ta jijiyar cinya a janyo shi, amma wannan sai a manyan cibiyoyi.

Sai yadda mutum yake kafin ciwon ya same shi. A nan ne na fi jin cewa ilimin likita da hankalin mutanenmu sun haɗu. Duk mun san tsohuwa mai shekara 84 da take tashi da asuba, ta yi wa awakinta dusa, ta taka zuwa gidan suna da ƙafarta, ta lissafa kuɗin adashi ba tare da kuskure ba. Mun kuma san mai shekara 68 wanda ciwon suga da hawan jini suka kwantar, ya shekara biyu sai an kama shi zuwa bayan gida. Wane ne tsoho a cikinsu? Takarda za ta ce Hajiya. Jijiyoyin jini za su ce Malam. Balle a wajenmu da yawancin tsofaffi ba su da takardar haihuwa. Kintace ake yi, a ce an haife ta shekarar wata yunwa ko zamanin wani sarki. Layin shekara 80 a irin wannan wuri, a kan me za a ja shi?

Likita zai kuma auna suga a jini. Suga mai yawa a lokacin bugun yana ɓata sakamako, yana ƙara haɗarin zubar jini. Suga da ya faɗi ƙasa kuwa yana iya kwaikwayon shanyewar barin jiki, a ba mutum suga ya tashi garau. Zai auna hawan jini, don sai an sauko da shi ƙasa da 185 bisa 110 kafin a yi allurar. Zai tambaya ko ana shan maganin tsinka jini, irin su warfarin, waɗanda ake ba masu bugun zuciya marar tsari. Zai tambaya ko an yi tiyata kwanan nan, ko an taɓa samun zubar jini a kai. Sannan ya dubi hoton ƙwaƙwalwa, ya ga ko ɓarnar ta riga ta yaɗu.

Masana sun yi ƙoƙarin haɗa waɗannan abubuwa su zama lissafi ɗaya. Likitocin Helsinki a ƙasar Finlan sun fitar da nasu a 2012, mai haɗa hoton kai, lafiyar mutum kafin ciwo, shekaru, suga, tsawon jinkiri da tsananin bugu. Wani likita a Toronto ta Kanada, Gustavo Saposnik, ya kawo wani mai sauƙi. Ka haɗa shekarun majinyaci da makin tsananin bugunsa. Idan jimlar ta kai 100, to sakamako kan yi muni.

Masu sauraro, a nan ne nake roƙon ku ƙara kusantar rediyo, don nan ne ake yawan zamewa.

Tambayoyi biyu ne, sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. Ta farko, wane ne zai sha wuya? Ta biyu, wane ne allurar za ta taimaka? Waɗannan lissafe-lissafen sun iya amsa ta farko daidai gwargwado. Tsoho mai shekara 85 da bugu mai tsanani zai fi saurayi shan wuya, wannan gaskiya ne. Zai fi shi shan wuya ko an yi masa allura ko ba a yi ba. Don haka gwada shi da saurayi ba adalci ba ne. Abin da ya kamata a gwada shi ne tsohon nan da allura, da kuma shi dai tsohon ba tare da allura ba.

Bari in kawo misali daga gona. Manomi yana da gona biyu, jigawa da fadama. Ya san jigawa ba za ta ba da abin da fadama take bayarwa ba. Shin wannan ya nuna zuba wa jigawa taki asara ce? A'a. Tambayar da zai yi ita ce, jigawar nan, da taki da babu taki, wanne ya fi?

Masu binciken Edinbara sun koma kan majinyatansu suka yi daidai wannan gwaji, suka buga shi a 2014. Suka ware waɗanda lissafi ya ce haɗarinsu ya fi yawa, na zubar jini ko na mummunan sakamako. Sai suka tarar su ma allurar ta amfane su idan aka haɗa riba da asara. Lissafin ya gane wanda ke cikin haɗari. Bai nuna wanda ya kamata a hana magani ba.

Sannan mu tuna, hasashe maganar mutum 100 yake yi. Idan aka ce cikin 100 masu irin halin Baba, kaɗan ne za su koma tafiya da ƙafarsu, lissafin bai san ko Baba yana cikin kaɗan ɗin ba. Ga kuma wani haɗari da nake tsoro. Idan kowa ya yarda tsoho ba zai tashi ba, sai a rage ƙoƙari a kansa. Ba a juya shi a gado, ba a kula da haɗiyarsa, ba a kira mai gashin ƙashi da motsa jiki. Sai ya rasu, a ce ai dama lissafi ya faɗa. Alhali mu muka cika wa lissafin alƙawarinsa.

Kada a fahimce ni a baibai. Hasashe yana da amfani. Yana taimaka wa likita ya gaya wa iyali gaskiya, su shirya zuciyarsu da aljihunsu. Kuma akwai tsohon da ba za a yi wa allurar ba, don hoton kansa ya nuna jini, ko lokaci ya ƙure, ko yana kan maganin da zai sa jini ya ƙi tsayawa. Waɗannan dalilai ne na gaske. Yawan furfura ba ya cikinsu.

Wani abu kuma shi ne abin da ake kira nasara. A takardun bincike, nasara ita ce mutum ya koma kusan yadda yake. A gida kuwa, tsakanin kwanciya sai an juya ka da iya zama ka ci tuwo da hannunka, akwai tazara mai faɗi. Tsakanin bebanta da iya kiran sunan jikanka, ka amsa sallama, ka yi salati a bayyane, akwai tazara mai faɗi. Wanda ya taɓa jinyar uwa ko uba ya san abin da nake nufi. Ko allurar ba ta mai da tsoho kasuwa ba, idan ta matsar da shi taki ɗaya, an samu abu mai daraja.

Yanzu bari mu dawo gida, mu faɗi gaskiyar halin da muke ciki.

Asibitocin da suke yin wannan allura a Najeriya da Nijar ba su da yawa, kuma tana da tsada. Na'urar hoton kai, wadda ake ce wa siti sikan, sai a manyan garuruwa. Wani zai ce, to mene ne amfanin wannan dogon bayani? Amfaninsa yana nan.

Wani babban bincike da Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta, wanda asibitocin Kano da Zariya da Kumasi da Akara suka shiga, ya nuna abu biyu. Hawan jini shi ne kan gaba nesa ba kusa ba wajen jawo mana wannan ciwo. Kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon a nan, ba toshewa ba ce, jijiya ce ta fashe. Wannan kaso ya fi na Turai. A ido, su biyun kamarsu ɗaya. Baki ya karkace, hannu ya saki, harshe ya yi nauyi. Hoto kaɗai ke raba su. Wanda jijiyarsa ta fashe, allurar nan ajalinsa ce. Shi ya sa ba a yin ta a kyamis, ba a yin ta a gida. Ko asfirin kada a ba shi kafin a ɗauki hoto.

Kuma ko da asibitin ba shi da allurar, zuwa da wuri yana ceton rai. Za a daidaita suga da hawan jini, a sauke zazzaɓi, a gwada haɗiya kafin a ba shi komai ta baki. Maganar haɗiyar nan ina so iyaye mata su riƙe ta. Ciwon yana kashe maƙogwaro a wasu mutane. Kunu ko rubutu ko ruwan tofi da aka ɗura cikin ƙauna, sai ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu. Bayan kwana biyu sai zazzaɓi da tari, kuma wannan yana kashe majinyata da yawa.

Na san wasunmu suna cewa iska ce ta buge shi, musamman idan a banɗaki ya faɗi ko da almuru. Ba na hana kowa addu'a. A yi ta a cikin mota, a kan hanyar asibiti. Neman magani bai taɓa karo da tawakkali ba.

Abu ɗaya ne a cikin duk lissafin likita wanda yake hannunmu a ranar. Ba za mu rage wa Baba shekaru ba. Ba mu muka zaɓi jijiyar da ta toshe ba. Amma lokaci namu ne. Likita zai tambaya, yaushe aka gan shi lafiya na ƙarshe? Kada a ce ɗazu. A ce ya idar da sallar la'asar lafiya, ya shigo ya zauna, sai kofi ya suɓuce daga hannunsa. Idan da ciwon ya farka daga barci, a faɗi lokacin da ya kwanta, da ko wani ya ji maganarsa cikin dare. A kwashi duk magungunan da yake sha a zuba a leda a tafi da su. A tafi da wanda ya san yadda yake rayuwa, wanda zai ce wa likita, jiya ma da ƙafarsa ya je masallaci. Wannan shaida tana da nauyi a wajen likita. Kuma kada a tsaya jiran babban ɗa ya iso daga Abuja ko Yamai. A kira shi a waya ana tafe.

Idan alamun sun zo suka wuce cikin mintoci, baki ya koma daidai, kada a ce an rabu lafiya. Gargaɗi ne, kuma babban bugun yana iya biyo baya cikin kwanaki kaɗan. A je asibiti a ranar.

Ga 'yan'uwanmu likitoci da ma'aikatan jinya da ke sauraro, ina da roƙo. Idan aka shigo da tsohuwa a kan kari, a dube ta ita kanta kafin a dubi shekarunta. A tambayi yadda take jiya. A gaya wa iyalinta riba da haɗari da Hausar da za su gane, a bar su su yi shawara da idonsu a buɗe. Shekaru kaɗai ba su isa su yanke wa tsoho hukunci ba.

Ku kuma da kuke gida, ga ɗan aikin da nake so ku yi kafin mako ya zagayo. Ku bincika wane asibiti ne mafi kusa da ku mai na'urar hoton kai, da ko tana aiki da dare. Ku adana lambar direban da zai fito komai dare. Ku kai Baba da Inna a auna musu hawan jini, in an rubuta magani a riƙa sha ko da jiki yana garau.

Baba, Inna, Kaka, da ku nake. Idan kun ji hannu ya yi wani iri, ko magana ta sarƙe, kada ku yi kawaici don gudun ɗora wa yara wahala. Ku kira wanda ke kusa nan take. Muna son ganinku a tsakar gida, jikoki na kewaye da ku.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri.